Babi na 6: Tabon da Ke Cikin Kai

A Gadarif, da zarar ruwa ya ɗauke, ba mai zama. Riɗi ba ya jiran kowa: in ya nuna aka yi jinkirin yanka, sai ya fashe ya zube a ƙasa. Shi ya sa manyan gonakin da suka kewaye garin kan cika da 'yan ƙodago daga ko'ina, har daga tsallaken iyakar Habasha. Ana gama riɗi sai a shiga dawa. A cikin masu wannan aiki akwai Hausawa da yawa, jikokin mutanen da suka biyo hanyar Makka da ƙafa suka yada zango a Sudan, da na waɗanda suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Tun tsakiyar shekarun 1940 da aka fara noman tarakta a wannan baƙar ƙasa mai laka, abin da talaka ya samu a kaka shi gidansa zai ci har wata kakar.

Akwai mutum guda da ba a son ɗauka a wannan aiki, shi ne mai farfaɗiya. Mai gona na tsoron ya faɗi da lauje a hannu. Abokan aiki na ƙyamar cin tuwo da shi a kwano ɗaya, don sun ɗauka ana kamuwa da ciwon ta yawu, alhali ba a kamuwa ko kaɗan. In mace ce kuwa, maganar aurenta ta dinga wargajewa ke nan ba tare da an faɗi dalili ba. Iyaye ba sa zama haka. An kai shi wurin faki, wato malami, an sha rubutu, an yi hayaƙi, an je asibiti an karɓo ƙwayoyi. A 'yan shekarun nan kuma sai ga wata shawara da kowa ke bai wa kowa: "A kai shi a yi masa hoton kai." Akwai waɗanda wannan shawara ta cece su. Akwai kuma waɗanda ta cinye musu kuɗin kakar shekara, suka dawo gida da takardar da ta sa suka watsar da maganin da ke riƙe da ɗansu.

Dalilin neman hoto tun farko shi ne farfaɗiya da yawa tana da mazauni a cikin ƙwaƙwalwa. Mun gani a babin baya cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da lantarki suke aika wa juna saƙo, kuma jijjiga na faruwa ne idan tarin ƙwayoyi suka saki wutarsu lokaci ɗaya ba tsari. A wasu mutane wutar kan kama ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu tun daga farko. A wasu kuwa daga wuri guda take tashi, sannan ta yaɗu. Wanda ya taɓa ganin gobara a gonar da aka girbe ya san komai faɗin da ta ci, daga kusurwa ɗaya ta taso. In kuma kullum daga kusurwar nan take tasowa, to akwai abin da ke wurin.

Wani likitan Landan, John Hughlings Jackson, ya gano haka tun shekarun 1860 da 1870, lokacin da babu na'urar da ke leƙa cikin kai. Kallo kawai ya yi da haƙuri. Ya lura da marasa lafiyar da jijjigarsu kan fara daga babban yatsa, ta haura tsintsiyar hannu, ta kama dantse, ta kai fuska, kafin ta game jiki mutum ya fita hayyacinsa. Daga nan ya fahimci cewa kowace gaɓa tana da wurinta a saman ƙwaƙwalwa, kuma tafiyar jijjiga a jiki tana bin tafiyar wutar ne a ciki. In hannun dama ne ke fara rawa, a nemi matsalar a ɓarin hagu na kai. Ranar 25 ga Mayu 1886 likitan tiyata Victor Horsley ya gwada wannan fahimta a kan wani saurayi ɗan shekara 22, wanda keken doki ya taka masa kai yana yaro. Saurayin ya yi jijjiga kusan sau 3,000 cikin mako biyu a asibiti. Horsley ya buɗe ƙoƙon kan, ya tarar da tabo a inda alamun suka nuna, ya yanke shi, jijjigar ta tsaya.

Wannan saurayi yana da rauni a ƙoƙon kai da ke nuna hanya. Mafi yawan masu farfaɗiya ba su da shi, kuma likitoci sun shafe kusan shekara 85 suna lalube. Hoton ƙashi da Röntgen ya gano a 1895 ƙashi kawai yake nunawa, ƙwaƙwalwa ba ta fitowa. Daga 1918 aka koma zuƙe ruwan da ƙwaƙwalwa ke ciki a ɗura iska a madadinsa don inuwarta ta fito, aikin da ke bar wa mutum ciwon kai da amai na kwanaki. Sai ranar 1 ga Oktoba 1971, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, aka kwantar da wata mata a cikin na'urar da injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera, hoto ya fito da ƙullutu a gaban ƙwaƙwalwarta ba tare da an taɓa ta da wuƙa ba. Wannan ita ce na'urar siti-sikan. Lissafin da ke bayanta kuwa a Afirka aka fara tunaninsa: Allan Cormack ya soma shi ne a 1956 yana aiki da asibitin Groote Schuur na Kef Tawun. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1979.

Siti tana da sauri, cikin 'yan mintuna an gama, kuma ta fi arha. Tana ganin jini da ya taru, da karayar ƙoƙon kai, da babban ƙari, da wuraren da suka daskare suka zama kamar tsakuwa. Idan aka kawo mutum daga hatsarin mota yana jijjiga, ita ake so. Amma ƙananan tabban da suka fi haddasa farfaɗiyar da ta daɗe sukan wuce ta ba ta gani ba, ga shi tana aiki da hasken nan mai ratsa jiki wanda ba a son yawaita shi ga yara. Waɗannan tabban sai na'urar maganaɗisu, wadda aka fi sani da MRI.

Yadda take aiki abin mamaki ne. Mafi yawan ƙwaƙwalwa ruwa ne, kuma a cikin ruwa akwai ƙwayoyin haidurojin. Idan aka sa mutum cikin maganaɗisu mai ƙarfi sai waɗannan ƙwayoyi su jeru. Sai a buga musu igiyar rediyo su karkace, in aka saki su koma, kuma a wajen komawar suna fitar da wata 'yar alama da na'urar ke ɗauka. Tsoka mai lafiya da tabo da ruwa da kitse, kowanne da saurin komawarsa, daga wannan bambanci kwamfuta ke zana hoto yanki-yanki, kaurin kowane yanki har ya kan sauka zuwa milimita 1. Paul Lauterbur ya nuna hanyar a 1973, Peter Mansfield ya sa ta yi sauri, aka ba su Nobel a 2003.

Ga wanda za a yi wa, aikin ba ciwo, amma yana da ban tsoro in ba a yi masa bayani ba. Tun daga ƙofa za a ce a cire duk wani ƙarfe: 'yan kunne, awarwaro, fil ɗin da aka maƙale mayafi, agogo, waya, kuɗin ƙarfe, har laya da kambu in akwai ƙarfe a jikinsu. Mace ta wanke kwalli, don wani kwallin na ɓata hoton wajen ido. Maganaɗisun ba a kashe shi dare da rana, yana iya fizgo almakashi daga hannun mutum. Za a kwantar da mara lafiya rigingine, a kifa masa wani keji a kai, a toshe masa kunne, gadon ya zame da shi cikin rami. Sai ƙara ta fara, bugu da ƙwanƙwasa iri-iri, na minti 30 zuwa 45, kuma dole kai ya tsaya cak, motsi kaɗan ya ɓata yanki guda. Ƙaramin yaro ba ya iya wannan, don haka akan hana shi barci daren ranar ko a ba shi maganin barci. A Sudan ta yau akwai tambayar da dole a amsa ta da gaskiya kafin a shiga ɗakin: ko akwai harsashi ko ɓurɓushin bam a jiki? Ƙarfen da ya maƙale a ido ko cikin kai yana iya motsawa a cikin maganaɗisu. Mai irin wannan rauni siti ta fi masa.

To me ake gani? A manya masu farfaɗiyar da ta ƙi jin magani, abin da aka fi samu tabo ne a wani ɗan sashe da ke can ciki, saitin kunne, mai suna hifokamfus. Akwai shi dama da hagu, kuma nan ake ɗaure sabon abu kafin ya zama tunani mai ɗorewa. A hoto sai a ga na ɓari ɗaya ya tsuke, ya yi haske fiye da ɗan'uwansa. Mai wannan tabo ba lallai ya faɗi yana shure-shure ba. Sau da yawa yakan ji wani abu ya taso masa daga ciki zuwa ƙirji, ko tsoro ya kama shi ba dalili, ko ya ji warin da ba wanda ke ji. Sai ya ƙura ido, yana tauna baki, yana murza rigarsa, a yi masa magana ba ya amsawa, bayan minti ɗaya ko biyu ya dawo bai san abin da ya faru ba. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san sunan da ake ba wannan hali. Ba na jin akwai nau'in farfaɗiyar da aka fi jingina wa iska kamar wannan, kuma abin takaici, shi ne nau'in da hoto ya fi nunawa, tiyata ta fi warkarwa. Idan aka bi tarihin irin waɗannan mutane, da yawa za a tarar sun taɓa yin doguwar jijjiga da zazzaɓi suna ƙanana.

A yara kuwa, abin da aka fi cirewa a tiyata wani wuri ne da halitta ta karkace tun a ciki. Lokacin da ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke ginuwa, ƙwayoyi kan yi tafiya daga tsakiya zuwa sama su jeru hawa-hawa. Wasu kan ɓace hanya su taru a inda bai dace ba. Wurin na iya zama 'yan milimitoci kawai, ɓoye a ƙasan wani lanƙwasa, amma ya hana yaro sakat da jijjiga kullum. Ba laifin uwa ba ne, ba abin da ta ci ko ta taka ba ne.

Sauran tabban kuwa rayuwa ce ke barinsu, kuma a nan labarin Gadarif ya bambanta da na Landan. Na farko zazzaɓin cizon sauro, wanda kan yi ƙamari a ƙarshen damina. Idan ya hau kan yaro har ya suma, to ƙwaƙwalwa na cikin haɗari. A Bulantaya ta ƙasar Malawi, inda aka kafa na'urar MRI a asibitin Queen Elizabeth a 2008, likitoci sun ɗauki hoton yara 168 masu wannan hali. Cikin 25 da suka rasu, 21 ƙwaƙwalwarsu ta kumbura matuƙa. Wani binciken a garin ya bi yaran da suka tsira, aka tarar kusan ɗaya cikin goma ya kamu da farfaɗiya daga baya, wani bayan watanni, lokacin da iyaye sun manta da zazzaɓin. Na biyu doguwar naƙuda a gida ko a hanyar asibiti, musamman da damina in laka ta rufe hanyoyin ƙauyuka, jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba. Sai hatsarin babur da na mota, da sanƙarau, da tarin fuka wanda kan yi ƙullutu a ƙwaƙwalwa, da sikila mai toshe jijiyoyin jini a kan yara ba tare da an lura ba. Yanzu kuma ga raunukan yaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi ɗaya cikin huɗu na farfaɗiya ana iya kauce masa. Gidan sauro da ungozoma mai horo da hular kwano sun fi kowace na'ura rage yawan masu wannan ciwo.

Akwai wani abu da Musulmi kan ɗauka bai shafe su ba, wato ƙwan tsilar alade, wanda a yankunan da ake kiwon alade a sake cikin mutane yake haddasa kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. Gaskiya ne ya yi ƙaranci a inda ba a kiwon. Sai dai ƙwan ba daga nama yake shiga ba, daga hannun mutumin da ke ɗauke da tsilar yake shiga abinci ko ruwa. A 1992 an ba da rahoton wasu gidajen Yahudawa masu riƙo da addini a birnin New York, waɗanda ba su taɓa cin alade ba, aka sami ƙullutun tsilar a ƙwaƙwalwarsu. Ta hannun masu aikin gida ya zo. A gari irin Gadarif, mahaɗar ma'aikata da 'yan gudun hijira daga ƙasashe daban-daban, bai kamata likita ya cire shi daga lissafi ba, tun da siti ma tana ganinsa, kuma yana jin magani. A kudancin jihar, yankin Gallabat ya daɗe da cutar makanta da baƙin ƙudan bakin rafi ke yaɗawa, cutar da a Sudan ta Kudu da Yuganda da Kamaru aka ga tana tafiya tare da yawan farfaɗiyar yara. Bayan shekaru ana rabon magani, a 2018 Sudan da Habasha suka dakatar da rabon tare a Gallabat da Matama saboda yaɗuwar ta tsaya.

Amfanin ganin tabo ya fi bayyana ga wanda magani ya gaza masa. Cikin masu farfaɗiya kusan miliyan 50 a duniya, har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da jijjiga in suna shan maganin da ya dace ba fashi. Sauran su ne abin ji. Ƙa'idar likitoci ita ce in an gwada magani biyu da suka dace, aka sha yadda ya kamata, jijjiga ba ta tsaya ba, to na uku da na huɗu ba su cika yin abin kirki ba, lokaci ya yi da za a nemi inda wutar ke tashi. A 2001 aka buga sakamakon wani gwaji a Kanada: mutum 80 masu farfaɗiyar saitin kunne, aka yi wa rabi tiyata, rabi suka ci gaba da magani kawai. Bayan shekara guda, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata sun rabu da jijjigar da ke gusar da hankali. A ɗaya rukunin kashi 8 ne. Amma ba a yanka a kan hoto shi kaɗai. Sai labarin jijjigar da awon lantarkin ƙwaƙwalwa da hoton sun nuna wuri ɗaya, kuma an tabbata wurin ba shi ke riƙe da magana ko motsi ko tunani ba. An koyi wannan da tsada. A 1953 a Amurka aka cire wa Henry Molaison hifokamfus na ɓari biyu. Jijjigarsa ta ragu, amma har ya rasu a 2008 bai ƙara iya riƙe sabon abu a kansa ba.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi damuna. Iyali sun sayar da buhunan dawa, sun yi doguwar tafiya, an yi hoto, takarda ta fito tana cewa ba a ga komai ba. Ga irin maganar da kan biyo baya a ɗakin likita:

"Likita, to tun da hoton ya ce kansa ƙalau, ashe ba ciwon asibiti ba ne?"

"Inna, ciwon asibiti ne. Hoton nan siffar ƙwaƙwalwa yake nunawa, ba ya nuna wutar da ke gudana a cikinta. Kada ki bari ya fasa shan maganin ko na kwana ɗaya."

Inda likita ya sami sararin faɗin haka, an tsira. Inda layi ya yi tsawo aka miƙa takarda kawai, sai iyali su koma gida da hujjar da suke gani ta tabbatar da abin da maƙwabta suka daɗe suna faɗa: na'urar Bature ma ta duba ba ta ga komai ba, saura aikin iska. Sai a ajiye ƙwayoyi. Tsayar da maganin farfaɗiya farat ɗaya kuwa na iya jawo jijjigar da ba ta yankewa, wadda ke kisa.

Hoto mai tsabta yana da ma'ana biyu, ba ɗaya daga cikinsu da ke nufin babu ciwo. Ta farko, akwai nau'o'in farfaɗiya da yawa, musamman masu farawa a yarinta da ƙuruciya, waɗanda asalinsu yanayin halittar ƙwayoyin ne, ginin ƙwaƙwalwar lafiya lau. Yarinyar da kan ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi a aji sau da yawa a rana, ko saurayin da hannunsa kan fizge da safe har kofin shayi ya suɓuce, hotonsu ƙalau zai fito, kuma galibi su suka fi jin magani. A wurinsu hoto mai tsabta albishir ne. Ma'ana ta biyu ita ce tabon na nan, ba a dai gan shi ba. Wani bincike da aka buga a 2002 daga birnin Bon na Jamus ya auna wannan a kan mutanen da tiyata ta tabbatar suna da tabo. Hoton yau da kullum, in wanda ba gwanin farfaɗiya ba ya karanta, kashi 39 cikin 100 ya gano. Hoton nan dai in gwani ya karanta, kashi 50. In aka sake ɗaukarsa da tsarin da aka keɓe wa farfaɗiya, gwani ya karanta, kashi 91. Kai ɗaya ne, tabo ɗaya ne, bambancin yadda aka ɗauka ne da idon da ya duba.

A nan ne kwamfuta ta fara shigowa. Wasu masu bincike a Landan, ƙarƙashin shirin da suka kira MELD, sun tattara hotuna daga cibiyoyi 22 na duniya suka koya wa manhaja gane wuraren nan da halitta ta karkace. A sakamakon da suka fitar a 2022, cikin mutum 178 da likitoci suka taɓa cewa hotonsu ba komai, manhajar ta nuna wurin a kashi 63 cikin 100. Takan kuma nuna inda ba komai, don haka sai likita ya sake dubawa da idonsa. Kuma tana buƙatar hoto mai kyau daga na'ura mai ƙarfi. Ba ta iya fito da abin da ba a ɗauka ba.

Ba na ganin amfanin a mai da wannan magana faɗa tsakanin malami da likita. Malaman Musulunci tun da can ba su ce duk faɗuwa ta aljanu ce ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya raba ta gida biyu, ya ce akwai wadda asalinta daga jiki ne, ta likitoci ce. Sudan kuma tana da nata tarihin a nan. Tijjani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan ƙasar, wanda ya rasu a 1970 kuma asibitin Omdurman ke ɗauke da sunansa, ya yi suna ne da zama da fakai da shehunnai maimakon yaƙarsu, don ya san wurinsu mara lafiya ke fara zuwa. Abin da ake nema ga faki kaɗan ne: ya yi addu'arsa, kada ya ce a bar ƙwaya, kuma in ya ga jijjigar da ke farawa daga hannu ɗaya ko ɓarin fuska ɗaya, ya ce a tafi asibiti.

Su wa ya kamata a kashe wa kuɗin hoto? Wanda jijjigarsa ke farawa daga gaɓa ɗaya ko da irin alamun saitin kunne da muka faɗa. Wanda ciwon ya fara masa da girma, don a nan ake tsoron ƙari ko toshewar jijiya. Jaririn da bai kai shekara biyu ba, da yaron da ya fara mance abin da ya riga ya iya. Mai raunin ɓarin jiki, ko ciwon kai mai ƙaruwa da amai. Sai wanda magani biyu suka gaza masa. Yaron da ya yi gajeruwar jijjiga sau ɗaya da zafin zazzaɓi ya farfaɗo garau, gwajin maleriya yake buƙata. Kafin kowane hoto kuma akwai wanda ya fi shi arha, yana cikin aljihu: in jijjiga ta zo, mutum ɗaya ya kwantar da mara lafiya ta gefe ya kawar da wuta da ƙarfe daga kusa, wani ya ɗauki bidiyo da waya tun daga farko, fuska da hannuwa su fito. Daƙiƙoƙin farko su ke gaya wa likita inda zai sa a duba. A nuna wa likita kaɗai, kada a yaɗa. Mutuncin mara lafiya ne.

Duk wannan ya ƙara wuya tun 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke a Sudan. Kafin yaƙi, likitocin jijiya da na tiyatar ƙwaƙwalwa da manyan na'urori a Khartum suka taru, mai neman su daga Gadarif sai ya yi tafiyar kimanin kilomita 400, ko ya tsaya a Madani. Khartum ta zama fagen fama, Madani ta faɗi a Disamba 2023, jama'arsu suka kwararo gabas, Gadarif ta cika da baƙi bayan 'yan gudun hijirar Tigray da suka fara shigowa tun ƙarshen 2020, aka zaunar da su a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba. Na'urar MRI ba ta jure irin wannan hali. Maganaɗisunta a cikin ruwan hiliyom yake, mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, kuma injin sanyaya shi na son lantarki ba yankewa. A farkon 2025 jirage marasa matuƙi sun kai hari kan tashoshin lantarki, har da ta Shuwak a jihar Gadarif. Akwai ƙaramar na'ura mai taya, Swoop, da aka amince da ita a Amurka a 2020 aka kuma kai ta Malawi, wadda ake jona ta a soket ɗin bango. Ƙarfinta tesla 0.064 ne, alhali na manyan 1.5 ne ko 3. Tana ganin kumburi da taruwar ruwa a kan jariri, amma ƙaramin tabon farfaɗiya ya fi ƙarfinta.

Saboda haka a halin da ake ciki, abin da ya fi gaggawa ga mai farfaɗiya a Gadarif shi ne kada fenobabiton ko kabamazefin ɗinsa ya yanke. Fenobabiton tun 1912 ake amfani da shi, yana cikin mafi arhar magunguna, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu na masu ciwon ba sa samun maganin da suke buƙata. Wanda kuma Allah ya sa ya kai ga na'ura, a Port Sudan ne ko a Alƙahira, ya gaya wa mai ɗauka ƙarara cewa don farfaɗiya ake yi, a bi tsarinta. Kada ya baro wurin da takardar sakamako kaɗai, ya nemi a zuba masa hotunan gaba ɗaya a faifai, ya adana shi tare da jerin magungunan da aka gwada da bidiyon jijjigar. Likitocin Sudan da yawa suna aiki a Saudiyya da Ingila da Ayalan, kuma ana iya aika musu abin da ke faifan ta intanet wani gwani ya sake karantawa, ko bayan shekara biyar ne, ba sai an sake kwantar da yaron cikin na'ura ba.